Tambaya da Amsa: Baƙi na kirana kan zuwa Legas, me ya kamata in gaya musu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni mutumin Katsina ne amma na daɗe a Agege ina harkar goro. Duk wanda zai zo Legas karon farko daga garinmu sai a ba shi lambata, wani ma ban san shi ba sai dai ya ce wane ne ya haɗa mu, ni kuma abin da nake cewa kawai ka taho in ka iso ka kira ni. To kwanaki ɗan yayata ya taho na ce ya sauka Mile 12 wurin wani abokina, shi kuma ya ji Mile 2, ga wayarsa ta mutu a hanya, wallahi sai bayan isha'i muka gan shi, har yau yayata ba ta gama huce min ba. Wasu abokaina kuma in an tambaye su sai su cika mutum da labarin ɓarayi har ya fasa tafiyar. Don Allah wace hanya ta fi dacewa mu da muka san gari mu riƙa bi?
Daga wani mai karatu, Agege.

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya saka da alheri, kuma Allah ya huci zuciyar Hajiya. Abin da kake yi ɗin nan ba sabo ba ne, shi ne aikin mai masauki da iyayenmu fatake suka riƙe tun zamanin da goro da shanu suka kawo Hausawa Agege, baƙo ya sauka a zango akwai wanda zai karɓe shi ya ba shi makwanci ya nuna masa kasuwa. Abin da ya canja shi ne yanzu rabin aikin a waya ake yin sa tun mutum bai baro gida ba, kuma a nan ne da yawanmu muke sakaci.

Kalmar nan ta in ka iso ka kira ni, gaskiya ka daina tsayawa a kanta. Ta dogara ne kan wayar da ta kwana a hanya, tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Kano, an yi ta kira gida ana cewa mun wuce Ilorin mun wuce Ibadan, kafin a shigo Berger, mashigar Legas, caji ya ƙare. Kafin ka ba shi kowace shawara kai ne za ka fara yi masa tambaya: me zai kawo shi, wace mota zai hau, babbar bas ce ko tirelar kaya ko jirgi ne zai sauka Ikeja, ƙarfe nawa direba ya ce za su shigo, yana jin Turanci ko buroka, ya taɓa fita Arewa kuwa? Wanda zai zo sarin wayoyi a Computer Village da wanda ya rako tumatir da albasa Mile 12 da wadda za ta kawo mara lafiya asibitin koyarwa na Idi-Araba ba amsa ɗaya za a ba su ba, amma mu sai mu karanto musu hadda guda.

Sai maganar sunayen wurare, wadda ita ce ta ci ɗan yayarka kuma ba shi kaɗai ba. Mile 12 tana kan titin Ikorodu gaba da Ketu, Mile 2 kuwa tana can ta hanyar Badagry, tsakaninsu in aka yi rashin sa'ar gosulo sai mutum ya ɓata rabin yini. Haka akwai Iyana-Ipaja da Iyana-Iba da Iyana-Oworo, akwai Sabo ta Yaba akwai Sabo ta Ikorodu, kuma kwandastan danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, ba ya faɗin suna a hankali, yana rataye a ƙofa yana haɗiye rabin kalmar, baƙo ya ji farkonta kawai ya faɗa mota. Saboda haka kar ka faɗa da baki kaɗai. Ka rubuta masa a saƙo, ka sa ya kwafe a takarda da biro ya sa a aljihun gaba tare da lambarka da lambar mutum na biyu, sannan ka ce ya maimaita maka. Kuma ka ba shi alamar da ido ke gani, ka ce in ka sauka ka tsaya gindin gadar masu ƙafa ta hannun dama kusa da masallaci kaza, kar ka tsallaka titi, kar ka bi kowa ko da ya yi maka Hausa ya ce ni na aiko shi, sai ka ji muryata. In akwai hali ma ka karɓi lambar direban ko yaron mota, don su wayarsu ba ta cika mutuwa ba.

Abin da ya fi damuna da mu tsofaffin matafiya shi ne tsohon labari. Mutum ya yi shekaru bai hau motar haya ba, yana da tasa ko kuma daga gida sai shago, amma da an tambaye shi kuɗin mota zai faɗi na da can da ƙarfin gwiwa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya sha canjawa, kuma a Legas ko a rana ɗaya na safe daban na yamma daban, in an yi ruwa ma ya ƙara. To ka faɗa masa yaushe rabonka da bin hanyar, in ta daɗe ka tambayo yaron shagonka da ya bi ta jiya, kuma ka ce ya riƙo ƙari da 'yan canji a hannu. Haka abubuwan hawa sun ƙaru, jirgin ƙasa na Blue Line daga Marina zuwa Mile 2 ya fara aiki a Satumbar 2023, na Red Line daga Agbado zuwa Oyingbo ya fara ɗaukar fasinja a Oktobar 2024 kuma yana tsayawa a nan Agege ɗinku da Ikeja da Oshodi da Yaba, su da manyan bas ɗin BRT duk da katin biyan kuɗi na Cowry ake shiga, to baƙo in ba a gaya masa ba sai ya tsaya a layi da kuɗi a hannu.

A nan sai na ɗan tsaya kan samarinmu masu zuwa neman kuɗi, don abin yana min ciwo. Har yanzu akwai masu cewa yaro ya sayar da akuyarsa ko ya ci bashi ya taho ya yi acaɓa. Alhali tun 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Lagos Mainland da Lagos Island da Apapa, a Satumbar shekarar aka ƙara Kosofe da Oshodi-Isolo da Shomolu da Mushin, kuma mashin ɗin da aka kama sau da yawa murƙushe shi ake yi. Duk wanda ya kira ka da wannan niyya ka gaya masa wannan tun yana gida, ko da ba zai ji daɗi ba, ka tambaye shi ina zai kwana kuma wa zai tsaya masa.

Su kuma abokanka masu tsoratarwa, ba ƙarya suke ba, akwai wan-cans, wato ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, akwai masu yankan aljihu akwai 'yan agbero masu hayaniya a tasha. Amma tsoro da ba a haɗa shi da abin yi ba bai amfani kowa, sai ma ya sa mutum ya sauka a firgice yana waige-waige kowa ya gane baƙo ne. Ka ce masa ya hau mota a cikin tasha, kar ya tare ta bakin titi musamman da asuba ko da dare, kar ya fito da waya ta taga a gosulo, ya raba kuɗinsa gida biyu, ya hau gadar masu ƙafa in zai tsallaka babban titi don ana kama masu ratsawa ta ƙasa, ya riƙe lambar gaggawa 112 ko 767. Ka koya masa cewa owa in zai sauka daga danfo, da gaisuwar e kaaro (ina kwana) da e se (na gode), Yarabawa na son gaisuwa kamar yadda muke so kuma tana buɗe ƙofa. Kuma don Allah in ya yi tambayar da kake ganin ta yara ce kar ka yi masa dariya, in ka yi sau ɗaya ba zai sake tambaya ba, sai ya je ya tambayi wanda bai kamata ba.

In ka san ranar ba za ka samu zuwa tarbarsa ba ka faɗa tun wuri a nemi wani, ya fi a ce ka amsa don kunya sannan ya yi ta kira kana kasuwa ba ka ji.

TAMBAYA: Malam ni a Idi-Araba nake, mata daga Kano da Zariya suna zuwa in raka su Balogun da Idumota sarin leshi da atamfa da takalma. Wasu masu shago suna ba ni ɗan ihsani in na kai musu mai saye, shin dole ne in gaya wa matan?
Daga wata Hajiya, Idi-Araba.

AMSA: Hajiya ki gaya musu. La'ada ba abin kunya ba ce, kin bar gidanki kin bar sana'arki kin yini a rana cikin turmutsutsun Balogun, haƙƙinki ne a biya ki. Inda matsalar take shi ne baƙuwa ta ɗauka don zumunci kika kai ta shagon nan alhali an ɗora kuɗinki a kan kayanta, ranar da ta gane kuwa, kuma za ta gane don zuwa na biyu ko na uku za ta fara taya kaya da kanta, to kin rasa ta kin rasa duk wadda za ta turo. Ki faɗa tun a waya cewa ga abin da nake karɓa na rakiya, ko kuma ga shagunan da ke ba ni wani abu, ki kai ta shago biyu ko uku ta taya da bakinta ta kwatanta. Ki tabbata an rubuta mata rasit, in turansifa za ta yi ta duba sunan asusun da na mai shagon kafin ta tura, ki sa a ƙirga kaya a gabanta kafin a ɗaure, sannan ku bar cikin Lagos Island inda kasuwannin suke da wuri kafin ma'aikata su taso gadar Third Mainland da ta Carter su cika, musamman in a ranar za a kai kayan tasha a yi lodin Arewa.