Amsa: shirin da ka gani a talabijin, ƙari ne ko gaskiya?

Malam, ka ce ka kalli wani shirin talabijin na Amurka inda aka kashe yaro baƙar fata kan laifin da bai yi ba, kana tambaya ko masu shirin ne suka ƙara gishiri. Irin wannan ya faru.

A watan Maris na 1944 aka tsinci gawar wasu 'yan mata biyu farar fata a garin Alcolu, jihar Carolina ta Kudu. Aka kama George Stinney, ɗan shekara 14. 'Yan sanda suka ce ya amsa laifi, amma babu wata takarda da ya sa wa hannu. Ranar 24 ga Afrilu aka yi shari'ar a wuni ɗaya. Masu taya alƙali yanke hukunci duk farar fata ne, cikin kusan minti goma suka gama shawara. Lauyansa bai ɗaukaka ƙara ba. Ranar 16 ga Yuni aka kashe shi a kujerar lantarki. Wallahi duk sanda na tuna shekarunsa sai raina ya ɓaci.

Kuskuren da mutane ke yi shi ne cewa kotu ta wanke shi a 2014. Abin da Mai Shari'a Carmen Mullen ta yi shi ne soke hukuncin, domin ba a yi masa shari'ar adalci ba. Kuma kada ka ɗauki kowace magana ta cikin shirin a matsayin tarihi, marubuta na ƙirƙiro mutane da hira.

In rubutun makaranta za ka yi, nemi malamin shari'a ya karanta maka hukuncin 2014 ɗin da kansa.