Amsa: Waye lauyan nan na cikin Perry Mason?

Malam, jarumin da ya fito a lauyan a wannan shiri na talabijin sunansa Raymond Burr, kuma ba haifaffen Amurka ba ne kamar yadda ka zata, a Kanada aka haife shi 1917. Da farko kusan kullum matsayin mugu ake ba shi a fim saboda girman jiki da wannan muryar tasa, ka nemi fim ɗin Rear Window na darakta Hitchcock na 1954 ka ga yadda ya fito a mai kisan kai, wallahi kallonsa kawai sai gabanka ya faɗi. Daga 1957 zuwa 1966 ya yi Perry Mason har ya ci kyautar talabijin ta Emmy sau biyu, sannan ya yi shirin Ironside, inda ya fito a ɗan sanda a keken guragu. Ni dai shari'o'insa a kotu a Perry Mason sun fi burge ni. Ya rasu 1993.