Tambaya da Amsa: Laftof ɗina tana aikin sa-kai, amma ta yi nauyi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ina zaune a unguwar Zariya nan Maradi. Ina da laftof ta gwanjo, tsohuwar Core i5, RAM giga 4. Cikin hunturu na sa mata BOINC na shiga World Community Grid, saboda aikinsu na nazarin ruwan sama a Afirka, tunda mu gidan manoma ne. Da farko aiki ɗaya kan ƙare cikin kwana guda. Yanzu sai ya kai kwana uku, kuma nakan bar shi a kashi 36 in dawo in tarar ya koma 25. Fankar ciki ba ta daina kuka. Wani abokina ya ce bairos ne, in goge komai in sake sa Windows. Me ka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka goge komai. A abin da ka lissafa ban ga alamar bairos ba. Zafi na gani, da ɗauke wuta, da kaya da suka fi ƙarfin na'urar.

Ga masu karatu da ba su san zancen ba: BOINC manhaja ce da aka ƙirƙira a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a Amurka a 2002. Masu bincike kan yanka babban lissafi gunduwa-gunduwa, su aika wa kwamfutocin mutane a gida, kowa ta yi nata ta mayar. World Community Grid kuwa kamfanin IBM ne ya kafa shi a 2004, daga baya ya koma hannun cibiyar bincike ta Krembil a Toronto. Aikin ruwan saman da ɗalibinmu ya shiga na masanan jami'ar fasaha ta Delft ne a ƙasar Holan, an fara shi a 2019.

Kai da bakinka ka ba da rabin amsar, da ka ce cikin hunturu ka fara. A Disamba ɗakinka da sanyi, daren Maradi har sai an nemi bargo. Yanzu bazara ce, zafin rana ya haura digiri 40, kuma in rufin kwano ne, cikin ɗaki ya fi waje. Firosesar Intel irin taka, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi a cikin laftof, idan ta kusa digiri 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Wadda aka ƙera ta yi gudun gigahaz biyu da rabi sai ta sauko ƙasa da gigahaz ɗaya, ba tare da ta sanar da kai ba. Ga kuma ƙurar hunturun da fanka ta yi ta zuƙa dare da rana. Tana nan ta dunƙule a bakin ƙarfen sanyayawa ta toshe hanyar iska. Kukan fankar ke nan.

Kafin ka kashe ko dala, ka auna. Saukar da Core Temp ko HWMonitor, kyauta ne kuma ba su cin forfe. Bar BOINC ya yi minti goma yana aiki, ka duba zafin. Sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka leƙa gudun firosesa. In zafi ya wuce 90 kuma gudu ya faɗi, an kama ɓarawo. Kai ta wurin mai gyara ya buɗe, ya fitar da ƙurar, ya goge busasshen man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyayawa ya sa sabo. Ka tsaya a kansa, don wasu hura iska kawai suke yi daga waje su karɓi kuɗi. In ka dawo gida, sauke ta daga katifa da darduma. Tebur, tare da ɗan katako a ƙarƙashin bayanta don iska ta shiga.

In kuwa zafin bai kai ba amma gudun yana ƙasa, duba caja. Wasu laftof, in ba su gane cajar da aka sa musu ba, rage gudu suke yi, kuma cajar jabu ta cika kasuwa. Ka tabbata kuma Windows ba ya kan tsarin tattalin batir.

Komawa baya daga 36 zuwa 25 kuwa wani zance ne dabam, kuma a ganina shi ya fi cinye maka kwanaki. Kowane aiki yana da wuraren da yake tsayawa ya rubuta inda ya kai a kan faifai. Wasu ayyukan kusan kowane minti suke yi. Na ruwan sama ba haka yake ba: sau takwas kacal yake ajiyewa daga farko zuwa ƙarshe, wato duk bayan kashi 12 da rabi. A na'ura irin taka, tsakanin ajiya da ajiya sa'o'i ne. Wuta ta ɗauke, batirin gwanjo ya riƙe minti ashirin ya mutu, duk abin da aka yi bayan kashi 25 ya tafi a banza. Ko wuta ba ta kashe ta ba, BOINC yakan dakatar da aiki idan an koma kan batir, ko idan wasu manhajoji sun ci fiye da kashi 25 na firosesa, kuma in ya fitar da aikin daga RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke riƙe aikin da take kai, asarar ɗaya ce. Shiga saitin lissafi na BOINC ka kunna zaɓin da ke barin aiki cikin RAM yayin da aka dakatar da shi. Idan wuta ta tafi, kada ka kashe ta kuma kada ka jira batir ya ƙare. Sa ta dogon barcin nan (Hibernate) da Windows ke kwafe komai a faifai, in ta farka ta ɗora daga inda ta tsaya.

Sai yawan kaya. Yawancin i5 na tsofaffin laftof kawuna biyu gare su, wato sassan firosesa da kowanne ke nasa lissafi, amma suna nuna wa Windows huɗu, shi ya sa BOINC ke ɗora ayyuka huɗu lokaci guda. Kamar kabu-kabu ne ya ɗauki mutum biyu: an kai mutane da yawa, amma kowa ya isa a makare, inji kuma ya sha wuya. Kowane aikin ruwan sama yana neman kusan giga ɗaya na RAM, Windows ya riga ya kwashe wajen rabin giga huɗun. Da wuri ya ƙare sai na'ura ta koma aro daga faifai, wanda ya fi RAM nawa nesa ba kusa ba. A saitin akwai layi biyu masu kama da juna: ɗaya na kason kawunan da za a yi amfani da su, ɗaya na kason lokaci. Na farkon za ka mayar 50, ko ma 25 har damina ta sauka. Na biyun bar shi a 100, don shi kunnawa da kashewa yake yi duk 'yan daƙiƙoƙi, fanka ta yi ta tashi tana sauka. In aljihu ya yarda, ƙara RAM zuwa giga 8 ya fi kowane saiti.

Ra'ayina, ko da ba za ka so shi ba: aikin ruwan sama bai dace da laftof mai mataccen batir a garin da wuta ke wasa ba. Fayilolinsa ma manya ne, suna shan forfe. A shafinka na World Community Grid kana iya zaɓar aiki mai gajerun gunduwoyi, kamar na binciken alamomin cutar daji, ka riƙa kunnawa da dare lokacin da gari ya ɗan huce. Aikin da ya wuce wa'adinsa wani ake ba, wahalarka ta tashi a tutar babu.

Ka kuma yi lissafin mita kafin mai gida ya yi maka. Laftof mai jan wat 40, in ta kwana ta wuni tana aiki, kusan kilowat-awa ɗaya ke nan a rana, wajen 30 a wata. In gidan haya kake kuna raba kuɗin wuta, gaya wa maƙwabtanka tun yanzu. Bayan gyaran, aiko mini da zafin da Core Temp ya nuna da tsakar rana da kuma na asuba, mu ga ko za ka iya komawa ayyuka biyu.