Koyil ɗina yana zafi, SWR kuma lafiya lau: amsoshin wannan mako

Tambaya: Malam, na kafa eriyar watsa rediyo a tsaye mai tsawon mita 10 don zangon mita 630. Na naɗa koyil, wato naɗin wayar da ke daidaita eriyar, a jikin bututun PVC mai faɗin inci 2 da waya mai kaurin milimita 1, na matse ta tsaf babu rata. SWR, ma'aunin wutar da eriya ke mayarwa baya, ya sauka sosai, ko na zagaye zangon duka ba ya motsi. Sai dai koyil ɗin yana ɗaukar zafi, kuma ba a ji na daga nesa. In sayi waya mai kauri ninki biyu?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye kuɗinka tukuna. Wannan SWR da kake murna da shi, shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka, kuma kullum sai an kawo mini irin wannan murnar. Zangon mita 630 daga kilohaz 472 zuwa 479 yake. Guntuwar eriya mai lafiya a wannan zangon tana da tsauri, ka matsa kilohaz kaɗan sai ta ƙi. Idan taka ta karɓi zangon duka cikin lumana, to asara ce ta laushe ta. Lodin gwaji na om 50 ma, wanda ake sawa a madadin eriya, SWR ɗinsa ba shi da na biyu, amma ba wanda ya taɓa tsallake teku da shi. Murhu ka gina, ka ɗaura masa sanda.

Mu yi lissafi, tunda shi ake gudu. Waya a tsaye tana ba da kafasitans, wato iya riƙe caji, na kusan pikofarad 6 kowace mita, taka ke nan wajen 60. A kilohaz 475 wannan riyaktans ne, wato turjiyar da ba ta cin wuta, na kusan om 5,600, kuma aikin koyil shi ne ya soke shi, don haka kana buƙatar koyil mai indaktans, wato ƙarfin naɗi, na milihenri 1.9 ko kusa. Asarar koyil kuwa riyaktans ne a raba da Q, ma'aunin ingancin koyil. In Q ɗinka 200 ne, kuma ina kokwanton ya kai, om 28 ke nan. Tirjiyar da ke mayar da wutarka zuwa sigina a eriyar mita 10 ba ta wuce om 0.1 ba. Duk amfa 1 da ya ratsa, wat 28 sun zama zafi a koyil, wat 0.1 ya tashi sama. Ba mu ma sa asarar ƙasa ba, wadda sau da yawa ta fi ta koyil.

To me ya sa waya mai kauri ba za ta cece ka ba? A wannan zangon, lantarki ba ya shiga cikin tagulla, a bayanta yake gudu, zurfin kusan milimita 0.1. Sannan zagayen da ke manne da juna, maganaɗisun kowanne yana ture lantarkin maƙwabcinsa zuwa gefe guda, wurin gudun ya ƙara ƙuntata. Ka ninka kauri ka sake matsewa a siririn bututun nan, koyil ya yi tsawo ninki-ninki, wayar da za ka ci ta ƙaru, ribar ta tafi a nan. Yanzu ma zagaye fiye da 700 ka yi. Da a jikin abu mai faɗin santimita 30 da tsawon santimita 30 ka naɗa, zagaye kusan 100 sun ishe ka, har ka bar rata daidai kaurin wayar tsakanin kowanne. Lissafin Harold Wheeler na 1928 zai fitar maka da wannan cikin minti biyu. Koyil mai faɗi, wanda tsawonsa bai nisanta da faɗinsa ba, shi ne mai Q.

Amma abin da nake so ka riƙe ya fi wannan. Hanyar da ta fi rage asarar koyil ita ce ka rage buƙatar koyil ɗin kansa. Sa wa eriyar hula. Ka ja waya kwance daga samanta, mita 30 gaba ɗaya, ko siffar T ko L a kife, yadda filinka ya ba ka. Kafasitans zai haura zuwa wajen pikofarad 200, riyaktans ya faɗo kusan om 1,700, koyil ya koma rabin milihenri. Da Q ɗin nan na 200, ba ka canza waya ba, asara ta sauko daga om 28 zuwa 8. Bayan haka hular tana sa lantarki ya yi ƙarfi har saman sandar, maimakon ya mutu a hanya, sai tirjiyar watsawa ta ninka sau biyu ko uku. Babu wayar da ake sayarwa a duniya da za ta yi maka wannan aikin. Ni duk wanda ya tambaye ni koyil, hularsa nake fara tambaya, sannan wayoyin da ya shimfiɗa a ƙasa, koyil ne na uku.

Kuma ka kiyayi saman koyil ɗin. Amfa 1 a riyaktans na om 5,600 bolt 5,600 ne, ƙololuwarsa ta kusa 8,000. Yana ƙona fata, yana cinye roba, yana ta da gobara. Hular nan tana saukar da shi shi ma.

In ka gama gyara, kada ka koma kallon SWR. Ka auna amfa nawa ke shiga eriya da wutar da ka saba. In ya ƙaru, ka ci gaba. Za ka ga zangon da eriyar ke karɓa ya ƙuntata, sai ka yi ta juya bariyomita, koyil ɗin da ake juyawa don daidaita eriya. Wannan alamar lafiya ce, kada ka rubuto mini kana kuka.

Tambaya: Na samu wayar Litz. In naɗa koyil na zangon mita 160 da ita?

Amsa: A'a. Litz siraran wayoyi ne masu rufi da aka kitsa don kowace ta ɗauki rabonta. A kilohaz 137 da 475 tana da amfani ƙwarai. A megahaz 1.8 ribarta ta kusa ƙarewa sai in silin ya yi siriri matuƙa. Yi amfani da tagulla mai kauri ka bar rata. In za ka sa ta a ƙananan zangunan, ka tabbata dalma ta kama kowane sili a baki biyu.

Tambaya: An ce in shafa wa wayar azurfa Q zai tashi.

Amsa: Azurfa ta fi tagulla da kashi 6 cikin 100 ne kawai wajen wucewar lantarki, a wannan aikin kuma kusan rabin hakan za ka gani. Kyau zai yi a hoto.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ruwan sama yana canza mini daidaito. Ina da akwatin ƙarfe, in sa koyil a ciki?

Amsa: Rufe shi daidai ne, domin danshi tsakanin zagaye yana kashe Q. Amma ba da matsattsen ƙarfe ba. Maganaɗisun koyil zai haifar da lantarki a jikin bangon akwatin, indaktans ya ragu, ƙarfen ya ci wuta. Nemi babban mazubi na robar foliyetilin, ka huda ƙasansa don gumi ya fita, ka ɗaga koyil daga ƙasa, ka nisanta shi da duk wani ƙarfe aƙalla gwargwadon faɗinsa. Kusoshin da ke riƙe da shi ma na roba. Wani canjin zai rage duk da haka, saboda jiƙaƙƙiyar ƙasa da bishiyoyi suna taɓa eriyar kanta.

Tambaya: Zagayen da suka yi saura bayan na jona waya a tsakiyar koyil, in haɗe su ko in bar su a buɗe?

Amsa: Haɗaɗɗen zagaye ɗaya ko biyu yana jan lantarki mai yawa yana zafi. Buɗaɗɗu masu yawa kuma bolt yana taruwa a bakinsu har ya yi tartsatsi. Yanke su.

Tambaya: Na gwada bututun da zan naɗa koyil a kai a obin na maikurowef don in ga ko yana cin wuta, bai yi zafi ba. Ya ci jarrabawa?

Amsa: Obin a megahaz 2,450 yake aiki, kai kana ƙasa da megahaz 1. In ya yi zafi, jefar da shi. In bai yi ba, naɗa ka auna Q.