Tsohon coci mai ginin ƙasa na Wusasa

Malam, ka tambaya me ya sa tsohon cocin Wusasa ya yi kama da zauren sarauta. Ai magina Hausawa ne suka ɗora shi. Cocin St. Bartholomew ke nan na Angilika, an gina shi a 1929, lokacin da mishan ɗin CMS (ƙungiyar masu wa'azin Kirista daga Ingila), wanda Bature Likita Miller ya kafa a birnin Zariya, ya koma Wusasa, a wajen birnin. Tubali ne da ƙasa, rufin kuma azara ce a kan bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi. Dafa bangon ka ji kaurinsa. Ko ana tsakar rana, ciki da sanyi. Ni dai abin da ke damuna damina ce, don ginin ƙasa sai da yaɓe.