Digirin intanet ba zai kawo ka Ingila ba

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce wani ejan ya ce ka fara digiri na biyu ta intanet da wata jami'ar Ingila, wai daga baya a mayar maka da shi biza. Ƙarya yake yi. Bizar ɗalibi sai da takardar CAS daga jami'a, wato shaidar ta ba ka gurbin karatu, kuma ba a ba mai karatu daga nesa. Ko Open University, da aka kafa tun 1969 don irin wannan karatu, ba ta ɗaukar nauyin bizar ɗalibi. Bizar zaman aiki bayan kammalawa ma ta wanda ya yi karatun a nan ce.

In kuwa ilimin kake so, to shirya. Ni na ɗanɗana a 2020, lokacin korona. Na biya kuɗin ɗalibin waje cif, dubban fam, amma ina ƙunshe cikin bargo a ɗaki ina kallon malami a manhajar Teams. Ko kwabo jami'ar ba ta rage mana ba, har yau abin na ci mini rai. Na gama da sakamako mai kyau, amma Allah ne kaɗai ya san daren da na raba ido biyu. Babu mai tambayarka ko ka kalli lacca. Bidiyo sai taruwa yake a Moodle, shafin da ake ɗora mana darussa, ranar miƙa aiki ta zo ta same ka.

Jarrabawa ita ce babbar. Za a ce ka ɗaga kwamfuta ka nuna wa kyamara kowane lungu na ɗakin, har ƙarƙashin tebur. Ka cika waiwaye, manhaja ta rubuta. Nan wuta ba ta ɗaukewa, to kai fa? A ɗauke wuta, data ta tsinke, ko yaro ya banko ƙofa, sai ka shiga rubuta wasiƙun kare kai. Kwafe daga intanet kuwa, Turnitin, manhajar gano satar rubutu, na nan na jira.

Ga kuɗin da fam za ka biya, kai da albashinka da naira yake. Me ya hana ka duba NOUN, jami'ar karatu daga nesa ta Nijeriya, ko cibiyar karatu daga nesa ta ABU Zariya?

Turo mini sunan jami'ar da na kwas ɗin in duba. Kada ka ba ejan nan ko sisi. Ka gaida Inna.