Mai rubuta morfin zai iya raba mutane da ƙwaya?

TAMBAYA: Ina shekarar ƙarshe a karatun likita. Raina yana ga kula da masu ciwon da ya fi ƙarfin magani, kamar dajin da ya yi nisa, amma ina kuma son aikin raba mutane da shaye-shaye. Wani babban likita ya ce in zaɓi ɗaya, wai wannan rubuta morfin (maganin raɗaɗi mai ƙarfi) yake yi, wancan ƙwacewa. Haka ne? — Wata ɗaliba

AMSA: Ba haka ba ne, ƙanwata. Sau da yawa a gado ɗaya ake haɗuwa da matsalolin biyu. Ɗauki mai dajin da ya ci ƙashi, wanda dama yake karɓar methadone, magani dangin morfin da ke kashe ƙishirwar ƙwaya, saboda tsohuwar jarabar hodar heroin. Likita mai tsoro zai rage masa magani, raɗaɗi ya kora shi wurin 'yan ƙwaya. Mai sakaci kuwa zai danƙa masa na wata guda, numfashinsa ya tsaya cikin barci.

A Amurka an amince da fannin sauƙaƙa raɗaɗi a 2006, na jaraba a 2016, kowanne horon shekara ɗaya bayan ƙwarewar farko. Birtaniya ta riga su a na farkon, tun 1987.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne lissafin lokaci. Buprenorphine, wani maganin jaraba dangin morfin, sau ɗaya a rana ya isa ya kashe ƙishirwar ƙwaya, amma ƙarfinsa kan ciwo awa 6 zuwa 8 ne kawai, don haka a kasa shi uku ko huɗu. In aka fara shi alhali morfin na cikin jiki, sai ya ture morfin ɗin, nan take amai, zufa da gudawa su taso. A jira aƙalla awa 12 bayan morfin na ƙarshe har alamun rashinsa su bayyana, ko a fara da ɗan mitsitsi ana ƙarawa kullum. Methadone ya fi yaudara: taruwa yake a jiki, kada a ƙara shi kafin kwana 5 zuwa 7, a kuma riƙa gwajin bugun zuciya.

Ki bambance sabon jiki da jaraba. Duk wanda ya yi makonni yana shan morfin jikinsa zai saba. Jaraba ita ce ci gaba da sha ana ganin cutarwa ƙiri-ƙiri. Ga mai wannan tarihin, a ba da maganin mako guda-guda, a ajiye naloxone, maganin da ke karya ƙarfin morfin da danginsa in sun yi yawa a jiki, a gida, a koya wa mai jinya yadda ake amfani da shi tun kafin a sallame su.